Sau uku a sakan ɗaya: abin da na gani a ɗakin gwajin farfaɗiya

Takardu biyu na gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda a asibiti ake kira EEG, suka biyo ta hannuna a 'yan shekarun nan, kuma kowacce sai da ta tayar da ƙura a gidan da ta shiga. Ta farko ta ɗiyar ƙanwata ce, yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa ba balle kumfar baki, amma takardarta ta fito da farfaɗiya ɓaro-ɓaro. Ta biyu ta wani maƙwabcinmu ce masunci, wanda kowa a unguwa ya sha ganin ciwon ya kayar da shi, shi kuwa aka rubuto masa cewa ba a ga komai ba. Ni ba likita ba ne. Fizis nake koyarwa a wata sakandare a nan Argungu, sai dai da yake a wurin mutanen gida duk wanda ya yi boko likita ne kuma lauya ne, ni aka riƙa kawo wa takardun in warware. Dole ta sa na dage da tambaya da karatu.

Yarinyar tana da shekara 7 aka fara lura da abin. Tana cikin cin tuwo, loma a hannu, sai ta tsaya cak, ido a buɗe amma ba kai take kallo ba, fatar idon tana ɗan rawa. Kafin ka ƙirga goma ta kai lomar baki, ta ci gaba da surutunta daga inda ta tsaya. In ka ce me ya same ki, sai ta yi maka kallon mamaki, don a wurinta ba abin da ya faru. A yini ɗaya abin yakan zo ba adadi. A makarantar boko aka ce wasa ya yi mata yawa, ta sha bulala a kan haka. A Islamiyya a biya mata aya, in ta zo maimaitawa sai a ji tsakiyar ta ɓace. Uwarta ta ce raini ne, a yi ta kiran yarinya tana ji ta yi banza da mutane. Mahaifiyarmu kuwa tun da wuri ta yanke cewa mutanen ɓoye ne ke yi mata magana, aka karɓo rubutu da garin hayaƙi. Wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta zo suna daga Birnin Kebbi, ta zauna kusa da yarinyar, abin ya zo mata a gaban idonta tun kafin a gama rabon abinci. Ta ce a daina dukan yarinyar nan, a kai ta Sakkwato a auna ƙwaƙwalwarta.

Da Inna ta ji an ce za a liƙa wa jikarta wayoyi a kai, sai ta ce atafau ba za a je ba. “Mi za su yi ma ɗiyag ga? Wuta za su ja mata ga kai?” Na ce, “Inna, ba abin da zai shiga kanta. Ita ce ma ke fitar da wutar, injin saurare kawai yake yi.” Ta dube ni ta ce to ga irinta nan, boko ya fara taɓa ni. Ba ita kaɗai ke da wannan tsoron ba, mutane da yawa suna haɗa gwajin da jan wutar da suka ji ana yi wa wasu masu taɓin hankali, alhali ba abin da ya haɗa su. Ba zafi, ba allura, ba a ko aske kai.

An dai ce a tsefe mata kitso, a wanke kan tas da sabulu, kada a shafa mai, kuma ta karya kumallo kafin a zo. Ƙanwata ta fi jin zafin tsifar a kan kuɗin mota, don kitson sabo ne. Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne: gado, kwamfuta, wata fitila a kan sanda, da ɗan akwatin da wayoyi masu launi-launi ke fitowa daga cikinsa. Ma'aikacin ya ciro tef irin na tela, ya auna daga inda hanci ya haɗu da goshi, ya bi ta tsakar kai har ɗan tudun ƙashin ƙeya, ya sake aunawa daga kunne zuwa kunne, yana yi yana ɗiga alama da jan fensir. Na tambaye shi lissafin, ya ce kowane tsawo ana yanka shi kashi 10 da kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa ake ce wa tsarin 10-20. Herbert Jasper, wani masani da ke aiki a Kanada, ya wallafa shi a 1958. Komai girman kai ko ƙanƙantarsa, kowace waya za ta sauka a sashen ƙwaƙwalwar da aka nufa, ta yadda likita a Kano ko Alƙahira zai karanta abin da aka ɗauka a Sakkwato ko bai ga mai kan ba. A kowace alama ya goge fatar, ya lakato wani farin kirim mai danƙo, ya danna ɗan faifan ƙarfe. Guda 21 ya liƙa, kowanne da harafinsa da lambarsa: F na goshi, T na gefen kai saman kunne, O na ƙeya, 1, 3, 5, 7 na hagu, 2, 4, 6, 8 na dama.

Nan aka shigo gonata. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kowacce da 'yar wutar lantarki take aika saƙo, wutar da ke samuwa daga shige da ficen sinadaran gishiri, sodiyam da fotashiyam, ta bangon ƙwayar. Kafin wutar nan ta ratso ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, ta ratso ƙoƙon kai da fata, ta yi laushi ƙwarai. Abin da ke isowa ga faifan bai cika wuce maikrobolt 10 zuwa 100 ba. Batirin tocila bolt 1.5 ne, wato maikrobolt 1,500,000. Sai injin ya ninka ta sau dubbai kafin ta zama layin da ido zai gani, kuma matsalar ita ce duk abin da ke kusa shi ma ninka shi yake yi. Yarinyar ta ƙifta ido, layukan goshi su yi tsalle. Ta cije haƙori, na gefe su yi baƙi ƙirin. Wutar NEPA ko ta janareto, mai juyawa sau 50 a sakan, tana kutsowa in faifai ɗaya bai zauna daidai ba. Har gumi yana sa layi lilo, kuma wanda ya san zafin Sakkwato ya san wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Sai da ma'aikacin ya goge mata goshi ya jira ta sha iska. Ya ce rabin gwanintar aikinsu sanin abin da ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba ne.

Ya ce mata, “'Yan mata, rufe idonki.” Tana rufewa layukan ƙeya suka shiga wata kaɗawa mai tsari, ƙanana a jere, kusan sau 9 a sakan. “Buɗe.” Suka ɓace. Ta sake rufewa, suka dawo. Wannan ita ce igiyar alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan, wadda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ganowa. Shi ne ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, a garin Jena a 1924. Shekara biyar ya yi yana maimaitawa shiru, har a kan ɗansa, kafin ya yarda ya wallafa a 1929, kuma ko da ya wallafa ba a gaskata shi ba sai da Edgar Adrian na Jami'ar Cambridge ya gwada ya tabbatar a 1934. Na daɗe ina koyar da darasin igiyoyi da alli a kan allo, amma ban taɓa ganin wadda ke zuwa tana tafiya da umarnin fatar idon yarinya ba sai ranar.

Sai aka zo wurin da ake tsokano ciwon da gangan. An fara da fitilar nan, ana walƙa mata a fuska da sauri daban-daban, ba ta yi mata komai ba. Daga nan ya miƙa mata fallen takarda ya ce ta riƙe a gaban baki ta yi ta hurawa da numfashi mai zurfi har minti 3. Yawan fitar da numfashi yana rage iskar kabon a jini, kuma ga yaron da ke da irin wannan farfaɗiyar bai fara shan magani ba, da wuya a yi haka ba ta zo ba.

Ba a kai rabin lokacin ba takardar ta daina motsi. Na dubi fuskarta, ga kallon nan da muka sani, ga fatar ido tana rawa. Na juya ga kwamfutar. Layukan da ɗazu kowanne ke tafiyarsa daban duk sun tashi lokaci guda, na sama da na ƙasa, hagu da dama: tsini siriri sai tudu mai faɗi, tsini, tudu, tsini, tudu, manya-manya har suna hawa kan juna. Ma'aikacin ya ɗaga murya ya ce, “Jan doki!” Ko gezau. Ya sa yatsa tsakanin layukan tsaye biyu da ke nuna sakan ɗaya ya ce, “Malam, ƙirga.” Uku. Na matsa sakan na gaba, uku. Sakan 11 abin ya ɗauka, ya yanke farat ɗaya, layukan suka koma ƙanana. Yarinyar ta dubi takardar hannunta, ta dube ni ta ce, “Kawu, in ci gaba?” Ya tambaye ta me ya ce mata ɗazu, ta ce ai bai ce komai ba. Ƙanwata da ke tsaye bakin ƙofa ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Wannan zanen, tsini da tudu sau uku a sakan, yana cikin alamomin da aka fi sani a duk ilimin ƙwaƙwalwa. Likitoci uku a Boston ta Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox, suka bayyana shi a 1935. Girman da layukan ke yi kuwa ba wata wuta ce aka ƙaro daga wani wuri ba. Duk ɗan Argungu ya san bakin Matan Fada ranar gasar kamun kifi. Kafin a harba bindiga masunta dubbai ne, wannan na gyara homa, wancan na ɗaure gora, wani na gardama, in kana nesa gunaguni kawai kake ji. Ana harbawa kowa ya zabura a tare, har ƙasa sai ta amsa, alhali mutanen nan dai su ne, ba a ƙaro ko ɗaya ba. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana cikin halin farko ne, kowane gungu da aikin gabansa. Bugun farfaɗiya shi ne lokacin da ɗimbin ƙwayoyin suka harba tare, kuma muddin suna cikin haka ba sauran mai sauraren “jan doki”. A irin na yarinyar nan, bugun yana kai da kawowa ne tsakanin ɓawon ƙwaƙwalwa da wani sashe can tsakiya da ake kira talamas, shi ya sa yake bayyana ko'ina a lokaci guda.

Likitar yaran da ta duba sakamakon ta ce farfaɗiyar ɗaukewar hankali ce ta ƙuruciya. Takan fara tsakanin shekara 4 zuwa 10, ta fi kama mata, tana iya zuwa sau gommai a yini, kuma yawancin yaran suna rabuwa da ita zuwa lokacin balaga. Sai ta yi tambayar da ta sa muka dubi juna: “Akwai maganin da kuka fara ba ta?” Saura ƙiris kuwa. Da labari ya bazu cewa ana zargin farfaɗiya, wata gwaggon yarinyar ta kawo shawarar a sayo Tegretol a kemis, tunda shi masuncin nan ke sha kuma yana yi masa aiki. Likitar ta ce Allah ya kiyaye, domin kabamazefin, sinadarin da ke cikin Tegretol, ƙara rura irin wannan ciwon yake yi. Magungunansa daban ne: etosaksimaid, balfurowet, ko lamotirijin. Na farkon mun zaga kemis-kemis ba mu samu ba, aka ɗora ta a kan balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim. Ta kuma ja wa ƙanwata kunne da maganar da ya kamata kowace uwa ta ji a ƙasar da ake aurar da 'ya'ya mata da wuri: balfurowet yana yi wa ɗan tayi illa, kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa ana shan maganin yakan zo da naƙasa, don haka tun kafin a fara zancen aure dole a dawo a sake shawara. Cikin 'yan makonni tsayawar ta ragu, daga baya ta ɗauke. Malaminsu na Islamiyya ne ya fara lura, ya ce yanzu aya tana fitowa har da tsakiyarta.

A ganina babban aikin gwajin ke nan, ya nuna wace irin farfaɗiya ce, tunda maganin wata guba ne ga wata.

Shi masuncin labarinsa ta wata hanyar ya bi. Yana yaro ya yi sankarau a annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa. Ya tashi, amma bayan shekaru ciwon faɗuwa ya biyo baya. Nasa yana sallama kafin ya shigo: yakan ji wani abu ya taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, sai ya fara tanɗar baki yana mutsuttsuka bakin riga, a yi magana ba ya amsawa. Wani lokaci a nan abin ke tsayawa, wani lokaci ya zarce ya sandare ya faɗi yana jijjiga. Wani likita ya ɗora shi a kan kabamazefin daga bayanin matarsa kaɗai, kuma ciwon ya lafa sosai. Da ya samu 'yan kuɗi bayan girbin shinkafa sai ya je ya yi EEG don ya san matsayinsa. Aka ba shi takarda, lafiya lau.

Ranar da ya dawo, yayansa ya riƙe takardar a zaure yana cewa, “To kun ji. Asibiti da kansu sun ce ba nasu ba ne.” Aka kawo mini, na karanta musu layin ƙarshe, inda wanda ya rubuta ya ce rashin ganin alama a wannan ɗaukar bai kore farfaɗiya ba. Yayan ya ce wannan ai maganar 'yan boko ce da ba sa son a ce sun kasa. Aka ajiye ƙwaya, aka koma kan hayaƙi da turare kaɗai. Ba a rufa wata biyu ba ciwon ya buge shi a cikin kwalekwale. Allah ya sa abokin sana'arsa na kusa, ya cafko shi ta wuyan riga.

Gwajin da aka saba yi minti 20 zuwa 30 ne. Mai farfaɗiya kuwa, tsakanin bugu da bugu ƙwaƙwalwarsa tana iya tafiya daidai na awanni. 'Yan tartsatsin da ake nema, tsinin da bai wuce kashi 70 cikin 1,000 na sakan ba, ko ɗan uwansa mai ɗan faɗi da ke kaiwa kashi 200, jefi-jefi suke zuwa. In ba su zo cikin rabin awar nan ba, takarda za ta fito fes. Shi ya sa a gwajin farko kusan rabin masu farfaɗiya ta gaske, ko ma fiye, ba a ganin komai a nasu. Sai an maimaita, musamman in da barci a ciki, adadin da ake kamawa ke hawa zuwa kashi 80 ko 90 cikin ɗari. Akwai kuma matsalar wuri. Kafin tartsatsi ya iso fatar kai, sai filin da ya kai santimita murabba'i 6 zuwa 10 na ɓawon ƙwaƙwalwa ya harba tare, irin ciwon masuncin nan kuwa daga sashen gefen kai yake tasowa, sau da yawa daga can cikin lungunsa, nesa da faifan da ke kan fata.

Bayan abin kwalekwalen yayan ya sauko. Aka koma, wannan karon aka ce ya kwana ido biyu don barci ya ɗauke shi a kan gadon gwaji. Ƙaninsa ya taya shi hira da ɗinkin koma har asuba. Yana fara gyangyaɗi tsinin suka fito, a layukan F7 da T3, gefen hagu saman kunne, su kaɗai. Duk da haka likitan ya ce abin da ya fi taimaka masa shi ne bidiyon da ƙanin ya taɓa ɗauka da waya, inda ake ganin hannun dama ya ƙage, na hagu yana mutsuttsuka riga, kafin faɗuwar. Ya koma kan maganinsa. Shiga ruwa kuwa har yau ana ja-in-ja: likita ya ce kada ya kuskura ya shiga shi kaɗai, shi kuma ya ce Bakaben da aka haifa a bakin gulbi ba a raba shi da ruwa da takarda.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ma da ciwo. Akwai lafiyayyun mutanen da ba su taɓa bugu ba, amma in an auna su sai a ga tsinin: kusan 1 cikin 200 a manya, a yara kuwa ya kai 2 zuwa 4 cikin 100. Akwai kuma zane-zanen gyangyaɗi da na barci na lafiyayyar ƙwaƙwalwa da wanda bai ƙware ba zai ɗauka na ciwo ne. Yarinya ta suma a layin asembili saboda rana da yunwa, a yi mata gwaji, wani ya ga ɗan tsini ya rubuta, shi ke nan an ɗora ta a kan ƙwaya na shekaru, kuma a garin da ake binciken asali kafin aure kowa ya san abin da hakan ke jawowa. Ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, a ma'anar da ta fitar a 2014, a kan bugun da mutum ya yi ta ɗora hukuncin: bugu biyu da ba wani abu ne ya tsokano su ba, da tazarar fiye da awa 24, ko bugu ɗaya tare da hujjar cewa yiwuwar sake yi cikin shekara 10 ta kai kashi 60 cikin ɗari. A nan ne takardar EEG ke iya zama hujja. Jijjigar da zafin zazzaɓi ke kawo wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ba ta cikin lissafin.

Akwai zane biyu da nake so iyaye su san kamanninsu na zahiri. Jaririn da bai cika shekara ba yana dunƙulewa farat ɗaya, kai ya faɗo gaba, hannuwa su watsu, a jere a jere, musamman in ya tashi daga barci. Mukan ce ciwon ciki ne ko firgita. Gwajinsa yakan nuna manyan igiyoyi a hargitse ba tsari, kuma wannan na gaggawa ne, don jinkiri yana taɓa bunƙasar ƙwaƙwalwar yaron. Sai saurayi ko budurwar da hannu ke fizgewa da sassafe har kofin koko ya suɓuce, an fi gani bayan rashin barci, irin na karatun jarrabawa. Nasu tsini ne da yawa a jere kafin tudun, sau 4 zuwa 6 a sakan, kuma shi ma kabamazefin yana iya dagula shi.

Zancen aljanu kuwa, ni Musulmi ne, ban musanta abin da nassi ya tabbatar ba, kuma har gobe Inna tana yi wa jikarta tofi da dare, ba wanda ya hana. Abin da na ƙi shi ne a ajiye magani saboda tofi, ko a ware wa mai ciwo kwano da moɗa wai yawunsa na yaɗa cutar. Ba ya yaɗa komai. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, matar da ciwon faɗuwa ke kayarwa har tufafinta su yaye, ita ce Ibn Abbas ya nuna ya ce ga mace 'yar Aljanna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma 7 cikin 10 za su iya rabuwa da bugu in an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace. A yankinmu yawancin masu haddasa ta a fili suke: doguwar naƙuda a gida, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sankarau, faɗuwa a babur ba hular kwano, har da gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. In mutum ya faɗi a gabanka, ka kwantar da shi ta gefe, ka nisanta shi da wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, a duba agogo. In ya wuce minti 5, sai asibiti. Mai waya ya ɗauki bidiyo don likita, ba don zagayawa a WhatsApp ba.

Yanzu duk inda muka haɗu da malamai a taron bita nakan kawo zancen, musamman ga masu ƙananan azuzuwa. Yaron da tunani ya ɗauke, in ka taɓa kafaɗarsa zai zabura ya dawo, kuma an fi ganin haka a darasin da ya gundure shi. Mai wannan ciwon ko ka taɓa shi sai abin ya gama da kansa, kuma yana yanke shi a tsakiyar abin da yake so, tsakiyar wasa, tsakiyar kalma. Nakan ƙara da cewa kada wani ya sa ɗan mutane hura takarda a aji wai gwaji. Wata malamar firamare da ta ji bayanin ta matsa wa iyayen wani ɗalibinta, yaro mai yawan zuba ido in ana magana, har suka kai shi Sakkwato. Aka yi masa gwajin, ya hura takarda minti 3 cur, ba a ga tsini ko ɗaya ba. A irin wannan ciwon kam, in yaro ya hura sosai abin bai zo ba, likita yakan fara duba wani wajen. Ya leƙa kunnuwansa ya tarar sun daɗe suna zubar da ruwa, dodon kunnen hagu a huje. Ashe yaron rabin abin da ake faɗa ne ba ya ji. An ba shi magani, an tura shi wurin likitan kunne, malamar kuma ta dawo da shi bencin gaba, ta gefen da kunnensa na dama zai fuskance ta.